Ranar da Aka Ɗaure Hannun Nani

Tsawo ne ya zame wa Jhumur jarrabawa. Ranar da ta fara shiga sashen nazarin fim na jami'a, 'yan ajinsu suka dube ta daga ƙafa har ka, suka ce alhamdulillahi, an samu mai riƙon sanda. Sandar nan ita ce doguwar gorar da ake ɗaura makirufo a bakinta, a ɗaga ta saman kawunan 'yan wasa don ta kama magana ba tare da ta leƙo cikin hoto ba. Tun daga ranar, duk fim ɗin da wani ɗan aji zai yi, za ka tarar da Jhumur a kusurwa, hannu biyu a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare.

Abin haushin, duk ajin babu wanda ya kama ƙafarta a karatu. Ta san tarihin fim tun zamanin da hoto bai iya magana ba. In aka zauna rumfar mai shayi a bakin ƙofar sashe ana gardamar ko yankan hoto yaudara ce, sai shayinta ya huce ya yi yana ba ta kurɓa ba, tana ta kora bayani har maza su fara sulalewa. Amma da an tashi aiki, magana ɗaya ce: "Jhumur, sanda."

To a ƙarshen shekara ta uku akwai gwajin Farfesa Talukdar. Kowane ɗalibi zai yi ɗauka ɗaya tak, doguwa, babu yanka, babu kiɗa, da sautin wurin kamar yadda yake. Daga nan yake zaɓen 'yan kaɗan da za su ba da umarni a finafinan shekarar ƙarshe, sauran kuma su yi musu hidima. Da kansa yake zuwa wurin ɗauka, ya sami kujera ya zauna, ba ya cewa uffan. Kowa kuma ya san halinsa: in bakin makirufo ya leƙo cikin hoto, tashi yake ya nemi takalminsa. Jhumur ta san in wannan ta wuce ta, da sanda a hannu za ta fita jami'a, kuma a duk kamfanin da ta je aiki ita za a miƙa mata.

Labarinta gajere ne. Tsoho yana cin abincin rana shi kaɗai.

"Sai me ya faru?" in ji Piyal, ɗan ajinsu da zai riƙe mata kyamara.

"Sai ya gama."

"Shi ke nan? Ko kyanwa ba za ta wuce ba?"

"Kai matsalarka kallon finafinan faɗa. Kaɗaici nake so a gani, yadda yake cin lokaci."

"To Allah ya sa kada ya ci mu," in ji Piyal.

Wuri bai ba ta wahala ba. Gidan Nani, kakarta ta wajen uwa, yana cikin tsohon garin Dhaka, a wani lungu da keken haya biyu ba sa iya wucewa sai sun yi zage-zage. A saman benen akwai ɗaki mai taga ɗaya, rana kan shigo ta nan bayan azahar ta kwanta a ƙasa, tana nan har gab da la'asar, sannan ginin maƙwabta ya haɗiye ta. Ɗan wasa ma yana nan a gida: Motaleb Chacha, wato Kawu Motaleb, ɗan hayan ɗakin ƙasa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa suna ƙasar waje. Da ƙuruciya ya yi wasan daɓe a unguwa, kullum sarki yake fitowa, har yau kuma bai yafe wa duniya rashin lura da shi ba.

Jhumur ta roƙi Nani ta dafa abu kaɗan: shinkafa, miyar waken da suke kira dal, ɗan markaɗen yalo, abincin gwauro. Nani ta ce to. Da suka iso ranar, ita da Piyal da Rokon, gajeren da aka ɗora wa riƙon sanda, tun daga matakala ƙamshi ya tare su. Kifin ilish ne, kaza ce, soyayyen kabewa ne, tukwane jere har bakin ƙofar kicin.

"Nani, me muka yi da ke?"

"Farfesa guda zai tako gidana in ba shi yalo? Ke kanki ƙalau kuwa?"

Farfesa Talukdar ya iso ana sallame azahar, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gai da Nani da ladabi. Ta kawo masa shayi da kayan zaƙi, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya gode, bai taɓa ba. Nani ta dube shi ta dubi Jhumur, ta haɗiye maganar da ke bakinta, amma kowa ya ga ta ajiye ta ne don gaba.

Aka shimfiɗa tabarma a inda ranar ke kwance. Motaleb Chacha ya zauna, ya gyara gashin baki. Rokon ya hau kujera don sandarsa ta kai. Jhumur ta tsaya bayan ɗan allon da ke nuna abin da kyamara ke gani, hannunta babu komai. Ta buɗe baki ta faɗi kalmar da ta daɗe tana jin wasu na faɗa.

"Akshin!"

Chacha ya cakuɗa shinkafa da miya, ya kai loma, ya ja wani dogon numfashi irin na sarkin da aka ci garinsa. Ya yi yawa, amma Jhumur ta ƙyale. Hasken ya yi kyau, kai, ya yi kyau ƙwarai. Shinkafa ta fara raguwa, farin faranti ya fara bayyana a gefe. Sai aka ji kacau-kacau na makullan da Nani ke ɗaurewa a gefen sarinta, sai ga hannu ya shigo cikin hoto da ludayi, tim, tulin shinkafa.

"Kat! Nani!"

"Mene ne? Ba ki ga ya kusa ƙarewa ba?"

"Ai so nake ya ƙare!"

"A gidana?" Nani ta riƙe haɓa. "Ki so baƙo ya ga gindin faranti a gidana? Wannan karatun naku dai Allah ya kyauta."

"Ba baƙo ba ne, Nani, ɗan wasa ne. A cikin labarin ba shi da kowa."

"A cikin labarin. To ni a cikin ɗakin nake."

Piyal ya kifa kai a jikin kyamara, kafaɗunsa suna rawa. Farfesa ko gezau.

Sai kuma wata ta taso. Jhumur ta ce a kwashe shinkafar a sake zuba kaɗan, Nani da Chacha suka dube ta tare kamar ta yi saɓo. Shinkafar da ta taɓa farantin mutum ba ta komawa tukunya, ba a kuma zubar da ita, kuma barin saura cin fuska ne ga mai girki. Hanya ɗaya ce. Chacha ya sunkuya ya cinye tas, kowa yana tsaye yana jira, rana tana tafiya.

A ɗauka ta biyu Nani ta yi alkawarin ba za ta fito daga kicin ba, kuma ta cika alkawari. Ana tsakiyar shirun da Jhumur ta yi wata biyu tana mafarki, sai murya ta taso daga kicin: "Ku tambaye shi gishirin ya ji?" Chacha kuwa, mai ladabi, ya ɗago kai ya amsa da ƙarfi cewa ya ji daram, Allah ya ƙara wa hannun albarka. Rokon, da na'urar sauraro a kunne, ya kusa faɗowa daga kujera. Tunda an riga an yanke, Nani ta fito ta ƙara masa miya da yankan kaza, wai kada a yi asarar tsayawar.

Piyal ya ce bari ya gwada tasa dabarar. Ya kamo Nani ya nuna mata allon, ya yi mata bayanin cewa kyamara tana da iyaka, daga nan zuwa nan kawai take gani, duk abin da ke waje babu ruwanta da shi. Nani ta gyara tabarau ta duba da kyau, ta gyaɗa kai, ta ce yaron nan ya fi jikarta iya bayani. Piyal ya ɗaga wa Jhumur gira.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ɗauka ta uku ta yi nisa fiye da sauran, Jhumur har ta fara addu'a a zuci, sai ga wani abu yana shigowa daga gefen hoto a hankali, a hankali. Ludayi ne ɗaure da tsumma a bakin sandar share yana, da yankan ilish a ciki. Nani tana can jikin bango, ko yatsanta bai ƙetare iyakar da Piyal ya nuna mata ba. Ta juye kifin a tsakiyar faranti, ta janye sandarta.

"Ai ban shiga ba," ta ce, tun kafin kowa ya yi magana.

Wannan karon har gashin bakin Farfesa sai da ya motsa.

Jhumur dai ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙasa, hasken ya ja da baya ya bar rabin tabarmar. Ta dubi Chacha, ya jingina da bango yana sassauta ƙullin lunginsa, zanen da mazan can ke ɗaurawa, gumi yana bin wuyansa.

"'Yata," ya ce, yana haki, "na yi sarki, na yi waziri, an kashe ni da takobi a gaban unguwa guda, amma ba a taɓa kashe ni da shinkafa ba. Saura wurin faranti ɗaya, shi ma sai da addu'a."

Nan fa ranta ya ɓaci, idonta ya kawo ruwa. Ta juya kan Nani.

"Kin san abin da kike yi mini? In wannan ta lalace shi ke nan, ba zan taɓa yin fim nawa ba. Haka zan ƙare ina ɗaga wa mutane sanda, saboda ludayinki!"

Nani ta juyo ta dube ta. Ba ta saba a ɗaga mata murya ba, balle gaban baƙi. Can ta ce, a hankali, "Ba da gangan nake ba, Jhumur. Wallahi ina cewa hannun ya tsaya, sai in ga ya riga ya tafi. Kakanki har ya mutu bai taɓa ganin gindin faranti ba."

Piyal ya matso ya raɗa wa Jhumur cewa ƙofar kicin tana da sakata ta waje. Ta harare shi. Ta kulle kakarta a cikin gidanta? Gara ta faɗi. Ta tsaya tana cizon leɓe, idonta ya sauka a kan sandar share yanar da ke jingine, da ludayin har yanzu a bakinta. Tsohuwar nan ta riƙe abin nan tsawon hannu ko rawa bai yi ba. Jhumur kuwa ta fi kowa sanin abin da sanda ke yi wa mutum: tana cinye hannu biyu, tana rufe baki, ko ƙaiƙayi ya dame ka ba ka da halin susa.

"Rokon, sauko. Ba wa Nani sandar."

"Wa?" in ji Rokon.

"Kin haukace?" in ji Piyal. "A gaban Sir?"

"Nani, aiki zan ba ki, shi ne mafi wuya a duk fim. In kika sauke hannu, na faɗi. In kika yi magana, na faɗi. Za ki iya, ko ya fi ƙarfinki?"

"Ya fi ƙarfin wa?" Nani ta ɗaure gefen sari a ƙugu, ta cusa makullan ciki. "Hannun da ya yi shekara da shekaru yana niƙa a kan dutse? Miƙo nan, gajere."

Ta hau kujerar Rokon. Jhumur ta nuna mata yadda ake dafa sandar a bayan wuya don rage nauyi, ta sa mata na'urar sauraro a kunne. Nani ta zabura. "Innalillahi, ina jin cikin Malam Motaleb yana magana!" Aka zuba shinkafa 'yar kaɗan. Haske ya rage daidai faɗin mutum da farantinsa.

"Akshin," in ji Jhumur, murya ƙasa-ƙasa.

Ƙoshi ya yi abin da bayanin Jhumur ya kasa. Chacha ba shi da sauran ƙarfin yin sarki. Babu dogon numfashi, babu kallon sama. Ya tsakuri shinkafa, ya jujjuya ta da yatsu, ya kai baki kamar magani, ya daɗe yana taunawa, irin cin wanda yake ci don kawai lokacin ci ya yi. Daga lungu ana jin ƙararrawar keke da mai tallan kifi can nesa. Farin faranti ya bayyana, ya faɗaɗa. Jhumur ta saci kallon Nani, ta ga haƙoranta a kan leɓe, ƙafarta ɗaya tana motsi, amma hannu biyu suna sama.

Loma ta ƙarshe ta tafi. Chacha ya suɗe farantin da yatsa. Sai ya ɗago kai ya dubi ƙofar kicin, ya jira. Babu wanda ya fito. Ya ɗora tafin hannunsa a saman farantin da babu komai, yadda ake yi in ana hana ƙari, leɓensa ya motsa. Jhumur ba ta ji abin da ya ce ba, amma makirufo ya ji, Nani kuma ta ji.

Sai ga wani baƙin abu mai gashi, bakin makirufo, ya leƙo daga saman hoto.

Jhumur ta gan shi. Piyal ya gan shi, ya juyo yana tambayarta da ido. Kalmar "Kat" tana bakinta. Amma Chacha bai san abin da ake ciki ba, ya ɗauki kofi yana zuba ruwa a hannunsa cikin farantin, a hankali, hasken yana janyewa daga yatsunsa. Ta girgiza wa Piyal kai. Suka bar kyamara tana ci har tsohon ya goge hannu ya zauna shiru, har inuwar ginin maƙwabta ta rufe shi.

"Kat."

Rokon ya yi maza ya karɓi sandar. Nani ta sauko, fuskarta jiƙe da hawaye, ba ta ko nufi tukunya ba.

"Malam Motaleb, wa kake ce wa ya isa haka?"

Chacha ya ji kunya, ya sunkuyar da kai. "Na faɗa a fili ne? Sabo ne, Yaya. Uwar yara ce. Kullum sai na gaya mata."

"Kullum haka kake ci a ƙasan nan, ina nan sama da tukwane?"

"To ya zan yi?"

"Daga gobe a nan za ka ci. Kada ka ce mini komai."

"Na ji, Yaya. Amma don Allah a bari sai jibi."

Dariya ta ɓarke, har Nani tana share ido tana yi. Jhumur ce kaɗai ba ta yi ba, don ta ga Farfesa ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya nufi bakin ƙofa. Ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. Ta faru ta ƙare, kuma ba ta da wanda za ta zarga, ita ta ba da sandar da hannunta.

Nani ta riga shi bakin matakala, ta tokare.

"Yallaɓai Farfesa, ina zuwa?"

"Hajiya, a gafarce ni. Ba na cin abinci a gidan ɗalibin da ban yanke wa hukunci ba."

"To yanke mana. Shinkafa tana hucewa."

Piyal ya toshe baki. Duk jami'a babu wanda ya taɓa yi wa mutumin nan magana haka. Farfesa ya tsaya da takalmi ɗaya, ya dubi tsohuwar, ya ga ba hanya. Ya juyo wajen Jhumur.

"Makirufo ya shigo."

"Ya shigo, Sir."

"Kin gan shi lokacin da ya shigo?"

"Na gani."

"Me ya hana ki yankewa? Kin san ƙa'idata."

Duk littattafan da ta haddace suka gudu suka bar ta. Da a rumfar mai shayi ne da ta yi masa jawabin sa'a guda. Abin da ya fito kawai shi ne, "Bai gama ba, Sir."

Farfesa ya dube ta. Sannan ya zare ƙafarsa daga takalmin.

"Makin sauti kin rasa shi, wannan babu gardama. Farkon zango ki kawo mini labarin fim ɗinki in gani." Ya koma ya zauna a kan tabarma, ya naɗe hannun riga. "Kuma ki nemi mai riƙon sandar da ba ya kuka. Hajiya, kaɗan za a zuba mini."

"Kaɗan," in ji Nani, tana jinjina kai. Chacha ya dubi Farfesa da tausayi.

Rokon da Piyal suka kaure da ihu. Jhumur ta rusuna wa Farfesa ta yi godiya. Murna ce ta cika mata ƙirji har tana yi mata ciwo, da kuma kunyar tsawar da ta yi ɗazu. Ta bi Nani kicin, ta tarar da ita tana ƙoƙarin ɗaga tukunyar shinkafa, hannuwan nan biyu suna karkarwa, sun ƙi. Ta sake gwadawa, suka ƙi. Jhumur ta durƙusa ta kama su ta haɗa da fuskarta, kuka ya ƙwace mata.

"Nani, ki yafe mini."

"Ke tafi can, doguwar banza, za ki jiƙa mini sari." Nani ta shafa kanta da hannun da ke rawa. "Tashi ki ɗauki tukunyar nan, yau ke za ki zuba. Kuma wallahi in na hango gindin farantin malaminki, ni da ke ne."